Dexa ba maganin mura ba ne, ba kuma na ƙiba ba

Jama'a, duk shekara da zarar hunturu ya shigo, tari da mura suka kama mutane, sai ka ga an koma kemis ana cewa "a sa mini har da dexa". In ka tambaya sai a ce maka ai shi ne maganin da Turawa suka kashe korona da shi. Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma rabin da aka yar shi ne mai kisa.

Ga abin da ya faru. A ranar 16 ga Yuni 2020 masu bincike na Jami'ar Oxford a Ingila, ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, suka fitar da sakamakon gwajin da ake kira RECOVERY. An bai wa majinyata 2,104 dexamethasone, miligiram 6 sau ɗaya a rana har zuwa kwana 10, aka kwatanta su da 4,321 da ba a ba su ba. Cikin waɗanda ke kan na'urar da ke numfashi a madadin mutum, mace-mace ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Cikin waɗanda ke kan oksijin kawai, ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Waɗanda kuwa suke numfashi da kansu ba taimakon komai, maganin bai amfane su ba, alƙaluman ma sun karkata wajen cutarwa. Shi ya sa a Satumbar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba masu tsananin ciwo, kada a ba masu sauƙi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Dexa ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Aikinsa danne garkuwar jiki. Idan ciwo ya yi nisa, sojojin jiki kan wuce gona da iri, huhu ya kumbura, ruwa ya taru a ciki, iska ta kasa shiga jini. A nan ne dexa ke cewa su dakata. To kai da ka kwana biyu da mura, garkuwarka na tsakiyar faɗa da cutar, ka je ka ɗaure mata hannu, wa ka taimaka?

Kuma mu a nan ko korona ba mu jira ba. Tun da daɗewa 'yan mata da amare ke shan shi cikin haɗin "sha ka fashe" don a cika ido kafin biki. Wallahi wannan ba ƙiba ba ce. Fuska ce ke kumbura, ruwa ya zauna a jiki, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ciwon olsa ya tashi. Mai tarin fuka da ke kwance a jiki kuwa, an buɗe masa ƙofa. Wanda ya daɗe yana sha, ranar da ya yanke shi gaba ɗaya sai jiki ya saki, har ta kai ga suma. Don haka in kina cikin masu sha, kada ki daina yau da kanki, ki je likita ya rage miki a hankali.

Masu kemis, na san za ku ce kasuwa ce, in ba ku sayar ba na gaba zai sayar. Haba Alhaji. Maganin da sai da takardar likita ake bayarwa, kai kana ƙirga shi a leda kamar gyaɗa.

Amma babban fushina na kan hukuma. Ku sake duba sakamakon nan. Mutanen da dexa ya ceta suna kwance ne kan gado, da oksijin a hanci ko na'ura a maƙogwaro, da wuta ba ɗaukewa, da nas mai auna sugansu. Ƙwayar ita ce mafi arha a cikin lissafin. Mu sai muka ɗauko mai arhar muka baza a kowane lungu, mai tsadar kuma muka bar wa ƙaddara.

Dattijon da numfashi ya sarƙe masa ƙarfe biyun dare a ƙauyen Tsafe, ina za a kai shi? Kowa ya san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ke ciki da dare, ba direban da zai tashi mota. Na Bunguɗu ya fi kusa, amma shi ma sai an nemo mota da kuɗin mai, a nufi FMC ko Asibitin Yariman Bakura. Mutumin da oksijin ɗin jininsa ke sauka ba ya jiran gari ya waye.

Ban ce a kai na'urar numfashi kowane asibiti ba. Tana buƙatar ƙwararru dare da rana, in babu su ta zama kayan ado. Abin da ya fi ƙarfin uzuri shi ne oksijin: injin tace iska, sola mai riƙe shi har asuba, da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa a ga yawan iskar jini. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a 2024. Madalla. To a fito a faɗa mana gado nawa ne ke da oksijin mai aiki a babban asibitin Tsafe, nawa a Bunguɗu, kuma ma'aikata nawa ke kwana a wurin. Fenti da sabon geti muna ganinsu a hoto, lambar muke so.

'Yan majalisarmu na jiha da ke bibiyar shafin nan, ku yi wannan tambayar a zaure. Ma'aikatan lafiya na Tsafe da Bunguɗu kuma, ku rubuto mana a ƙasa abin da kuke da shi a hannu, ba sai kun ambaci sunan kowa ba.