Kyautar gasa ta tafi ga itacen da ya rayu



Idan ranar 5 ga Yuni ta zo, wato Ranar Muhalli ta Duniya, makarantu sukan shirya gasar rubutu ko muhawara a kan amfanin itatuwa. Yaro ya yi jawabi mai daɗi, a tafa masa, a ba shi littafi, a dasa ice biyu a gaban ofishin hedimasta. Kafin watan Afrilu akuya ta cinye ɗaya, ƙishirwa ta kashe ɗayan. Gasa abu ne mai kyau, gama yara suna son a gwada su. Amma a ganina lokaci ya yi da za mu canza abin da ake ba kyauta dominsa. Bari kyautar ta tafi ga yaran da itacensu ya ƙetare bazara da ransa.

Mu mazauna Sabon Birni da Isa mun san dalili. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Gulbin Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi a wannan yanki suke haɗuwa su zama Rima, kuma fadamunsu ne ke ciyar da mu da rani. Tsofaffinmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A 2010 kuma ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a wajen Goronyo. Ƙasar da ba ta da itatuwa iska ce ke kwashe ta da rani, ruwa ya kwashe sauran da damina.

Hukuma ta yi nata shiri. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Sai dai ma'aikacin hukuma ba zai zo kowace yamma ya ba ice ruwa ba. Yaron da yake so ya ci gasa zai zo.

Akwai darasi kusa da mu, a ƙasar Maraɗi, inda 'yan'uwan Gobirawa suke a Tsibiri. A 1983 wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa. Sai ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa lokacin sassabe kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Manomi zai zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, ya datse sauran, ya tsare su daga dabbobi. Ana kiran wannan sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawa a ciki gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina, ya ba gero taki ba tare da ya rufe shi da inuwa ba.

To, ga yadda nake gani za a tsara gasar. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, biyar ko shida, domin idan ɗaya ya yi ciwo itacen kada ya kwana da ƙishirwa. A yi rukuni biyu: masu dasa sabon ice kamar dogon yaro, zogale, tsamiya ko kuka, da masu renon kututturen gawo, kalgo, aduwa ko magarya. A fara a watan Yuli sa'ad da ƙasa ta jiƙe, alƙalai kuwa su zagaya a watan Mayu mai zuwa su ƙirga abin da ya rayu. Kowace ƙungiya ta riƙe littafi, tana rubuta tsawon itacen wata-wata. A kuma ba da maki ga yaran da suka zauna da tsofaffi suka rubuto sunayen itatuwan da suka ɓace a garinsu da amfaninsu.

Na san abin da wani dattijo zai ce: mutane suna ta ransu, wa ke zancen ice? Gaskiya ne. Ba mu manta da kisan da 'yan bindiga suka yi a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020 ba, ko yanke layin waya na 2021, ko dubban mutanen da suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi. Saboda haka kada a aiki yaro ko ɗaya daji. Harabar makaranta, filin majami'a, ƙofar gida da gonakin da ke jikin gari sun isa. Kuma duk garin da 'yan gudun hijira suka taru, itacen girki yakan yi tsada, gatari ya koma kan itatuwan da ke kusa. A nan ne aka fi bukatar sababbi.

Wani zai ce mu ba mu da yawa. Shi ya sa bai kamata mu tsare gasar ga yaranmu kaɗai ba. A gayyaci yaran maƙwabtanmu Musulmi, a roƙi mai unguwa da malamin gona da malamin makaranta su zama alƙalai. Inuwa ba ta tambayar mai zama a ƙarƙashinta daga wane gida ya fito.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Zumuntar Mata za ta iya tanadin ruwan wanke hatsi domin ban ruwa. Zumuntar Matasa ta yi shingen ƙaya. Dattawa kuma su haɗa abin da za a sayi takalma da littattafai, ko a biya wa waɗanda suka ci kuɗin makaranta na zango ɗaya. Ina roƙo a sa wannan magana cikin taron dattawa na gaba, a naɗa mutum ɗaya da zai riƙe ta, domin a shirya kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya taimake mu.