Ra'ayinmu: Raha a Waya, Ciwo a Ɗaka

Duk wanda ya ratsa ɗakunan kwanan ɗalibai bayan sallar isha, musamman daren da aka ɗauke wuta, zai ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa. Ɗaki ya yi duhu, amma kowane gado da ɗan haskensa, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Can sai ka ji wani ya tuntsire da dariya shi kaɗai, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya ɗauka. In ka leƙa don ka ga abin da ake wa dariyar, sau da yawa za ka tarar wahalar da muke ciki ce. Ga hoton ɗalibi ya rame, an rubuta a ƙasa cewa yana bin tsarin 0-1-0, watau babu karin kumallo, a ci na rana, a kwana da haƙuri. Ga na ƙaramin ma'aikaci wanda albashinsa ya ƙare tun ran biyar ga wata. Ga na mutumin da duk ciwon da ya kai asibiti, ko da targaɗe ne, sai a ce masa maleriya da taifot. Mu ma a ofishin wannan mujalla muna yin dariyar, ba za mu ɓoye muku ba.

Ba mu zo don mu yi wa raha wa'azi ba, domin Bahaushe bai taɓa ɗaukar wasa abin banza ba. Tun kafin a san waya akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Kanawa da Zazzagawa, kuma da irin wannan wasa aka kashe wutar fitinu da dama waɗanda da an bar su da sun ci gari. Har ma a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin da ke tsakanin al'ummomin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. Mutumin da ke iya yi wa yunwarsa dariya bai karaya ba tukuna. Amma fa wasan iyayenmu yana da ƙa'ida. Taubashin da ya tsokane ka da safe ya san ƙofar gidanku, in kuwa ya daɗe bai gan ka ba, zai zo ya ga ko lafiya. Dariyar waya ba ta san gidan kowa ba. Ka rubuta cewa ciwon kai zai kashe ka, mutum hamsin su aiko maka da fuskar dariya, su yi gaba. Abin da ka liƙa a WhatsApp don abokai su gani kuwa, bayan sa'a 24 ya ɓace, har kai kanka ba za ka iya tuna ranar da ka rubuta shi ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Ranar da jiki ya ƙi, aka kwashi mutum zuwa asibiti, tambayar farko da likita zai yi ita ce, yaushe abin ya fara? Amsarmu sananniya ce: ya kwana biyu. Kwana biyun Bahaushe kuwa yana iya zama jiya da shekaranjiya, yana iya zama wata uku. Wane magani ka sha? Wani fari ne da wani mai ja da rawaya, mai kemis ne ya haɗa mini. Sau nawa ka sha? Har dai na ji dama. An yi mana tarbiyya, kuma mai kyau ce, cewa in an gaishe ka da jiki ka ce da sauƙi, ko da kuwa da ƙyar kake buɗe ido. Wannan ladabin zaure ne, ba mu ce a bar shi ba. Amma idan mutum ya ce wa mai gaisuwa da sauƙi, ya ce wa abokan waya abin dariya ne, ya ce wa likita ya kwana biyu, to a ina zai faɗi ainihin abin da ke damunsa?

Shawarar wannan mujalla ita ce kowane ɗalibi da kowane ƙaramin ma'aikaci, namiji da mace, ya tanadi kundi guda na kansa, ko da ɗan littafin rubutu ne mai warƙa 40 irin na 'yan firamare, ya riƙa rubuta abin da ya same shi kowane dare kafin ya kwanta. Dalilinmu kuwa shi ne, cututtukan da suka fi addabarmu da ƙidayar kwanaki ake rarrabe yawancinsu, ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa, balle ta wanda ke fama da jarrabawa ko fayil-fayil na ofis, ba ta riƙe ƙidaya.

Mu ɗauki zazzaɓi. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya a shekarar 2022 a Nijeriya suke. Saboda yawansa, da zarar jiki ya yi zafi sai kowa ya yanke wa kansa hukunci ya nufi kemis. Alhali kuwa tun 2010 hukumar ta ba da shawarar a gwada jini kafin a sha magani, gwajin da bai wuce minti ashirin ba. Tun 2005 Nijeriya ta daina dogara da kulorokwin, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma ga sabon haɗin da galibi ake sha sau biyu a rana har kwana uku, watau sau shida. Wanda ya sha sau biyu ya ji dama ya ajiye, in zazzaɓin ya dawo sai ya ce ai taifot ne. Gwajin taifot ɗin da aka fi yi mana kuwa, wani likitan Faransa mai suna Widal ne ya fito da shi tun 1896, kuma masana sun daɗe da sanin cewa gwaji ɗaya irinsa, a ƙasar da cutar ta yawaita, yana iya nuna taifot a jinin wanda ba shi da ita. Likitan da aka miƙa wa takarda mai nuna ranar da zafin jiki ya fara, da sunan maganin da aka sha, da ko an kammala shi, ya sami fitilar da zai yi aiki da ita.

Haka nan gyambon ciki, wanda muka fi sani da olsa, muka kuma mai da shi tambarin ɗalibta. Kowa ya ɗora wa yunwa laifi. Gaskiya ne yunwa tana tsananta raɗaɗin, amma tun 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon, binciken da ya ba su lambar Nobel a 2005, kuma ana iya kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako biyu. Babban sanadi na biyu shi ne magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke haɗiya kamar gyaɗa a makon jarrabawa. Wanda ya rubuta abin da ya sha zai iya gane cewa zafin ƙirjinsa ya biyo bayan waɗannan ƙwayoyi ne. Tari ma haka: wanda ya wuce mako biyu ya kamata a kai shi gwajin tarin fuka, kuma gwaji da maganin wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe don haka. Sannan akwai ciwon da ba ma son ambatonsa, watau ciwon damuwa. Baƙin ciki da rashin barci da fitar sha'awar komai daga rai, in sun zarce mako biyu, sun wuce a ce sai haƙuri, likita ne zai duba. Ba abin mamaki ba ne a tarar cewa wanda ya fi kowa ba da dariya a waya shi ne ya fi kowa daɗewa idonsa biyu a kan gado.

Kada a ɗauka wannan magana ta mutum ɗaya ce da cikinsa. Mun ga yadda rashin rubutu ya yi wa al'umma guda. A farkon shekarar 2020 wayoyinmu sun cika da barkwancin cewa korona cutar masu kuɗi ce da masu hawa jirgin sama. Da watan Afrilu ya kama, sai masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa da yawan gawawwakin da ake kawo musu, ciki har da dattawa da manyan malaman jami'a. Da yake ba mu saba da rubuta mutuwa da sanadinta ba, sai da aka bi iyalai ana tambayarsu yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. A watan Yuni na shekarar, ministan lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mutuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona. Da a ce a kowane gida mai ɗan makaranta akwai wanda ya rubuta ranar da tarin tsohonsa ya fara, da binciken bai dogara ga tunanin masu makoki kaɗai ba.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikata da ke ganin rayuwar akawu ba ta kai a rubuta ta ba, muna tuna musu da Samuel Pepys, wani ma'aikacin ofishin jiragen ruwan yaƙi na Ingila. Yana ɗan shekara 26 ya fara rubuta kundinsa ran 1 ga Janairu 1660, bai ajiye ba sai ƙarshen Mayu 1669, lokacin da ya ji tsoron idanunsa za su mutu. Ya rubuta abin da ya ci, da kuɗin da ya kashe, da saɓaninsa da matarsa, da tsakuwar da aka cire masa daga mafitsara a 1658, wadda yakan yi walimar godiya saboda ita in ranar ta zagayo. Cikin waɗannan ƙananan abubuwa ne ya bar wa duniya ɗaya daga cikin fitattun bayanai game da annobar da ta auka wa Landan a 1665 da gobarar 1666, har da labarin yadda ya haƙa rami a lambu ya binne cukunsa don kada wuta ta cinye. A nan gida ma akwai Hamman Yaji, hakimin Madagali ta jihar Adamawa ta yau, wanda ya sa aka riƙa rubuta masa al'amuransa da Larabci daga 1912 zuwa 1927. Kundin nasa, da aka buga fassararsa a 1995, cike yake da hare-haren kamun bayi, abin da ba a alfahari da shi, amma saboda an sa kwanan wata babu mai iya musanta cewa an yi. Takarda ba ta san son kai ba.

Mun san uzurin da za a kawo. Wani zai ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, alhali kakanninmu malamai sun daɗe suna rubuta ranakun haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littattafansu. Wani zai ce rubuta ciwo ƙorafi ne ga ƙaddara. Mu dai a saninmu lafiya amana ce, mai riƙon amana kuwa ba a zarginsa don ya ajiye lissafi. Wata za ta ce tana tsoron kada 'yar ɗakinsu ta karanta. Wannan tsoro ne na gaskiya, maganinsa kuwa akwati da kwaɗo. Pepys ma da gajeren rubutu na alamomi ya yi nasa don kada idon da bai dace ba ya gane. Ko ma dai yaya ne, sirrin da ke cikin akwati ya fi wanda aka watsa a gaban dubban baƙi aminci. Wanda kuma ya ce ba shi da lokaci, ya duba sa'o'in da yake ɓatawa kan waya kafin barci, ya yagi minti biyar daga ciki.

Layi biyar sun isa. A sa kwanan wata. A rubuta abin da aka ci da abin da aka kashe. A rubuta yadda jiki ya wuni, ba tare da kunya ko ado ba. In an sha magani, a kwafi sunansa daga jikin kwali, da adadi, da lokaci. Daga ƙarshe, a rubuta abin da ya ba ka dariya a ranar, domin shi ma wani yanki ne na tarihinmu, kuma nan da shekara arba'in 'ya'yanmu za su so su san mene ne 0-1-0. Muna roƙon a yi rubutun da Hausa, da boko ko da ajami, saboda ciwo ba ya faɗuwa daidai sai da harshen da mutum ke kuka da shi. Sai dai mu yi gargaɗi ɗaya: kundi ba likita ba ne. Amfaninsa shi ne ka riƙe shi a hannu ranar da za ka asibiti, ka karanta wa likita yadda abin yake, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da su keɓe mako guda a kowane zangon karatu don awon hawan jini da gwajin rukunin jini na sikila, a rubuta wa kowa sakamakonsa ya liƙa a shafin farko na kundinsa. Ga likitoci da malaman jinya kuwa, muna roƙo in ɗalibi ya zo da takardarsa a daure a duba, kada a yi masa kallon mai iyayi.

A ci gaba da raha, jama'a, domin in babu ita da zangon nan bai ƙare mana ba. Amma in an gama dariya, an kife waya, a jawo littafi a faɗa masa gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.

Edita