Ra'ayinmu: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

A watan Maris na shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura ƙananan yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga waɗanda maganin zazzaɓi bai yi musu kome ba. Da aka gwada jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Kafin a shawo kan abin, an yi hasarar yara kimanin 400 a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Bagega da maƙwabtansu. Mun tuno da wannan ne saboda akwai darasi a cikinsa ga ɗaliban Fiziks da Lissafi da ilmin kwamfuta, wanda a ganinmu ba mu ɗauka ba tukuna.

Dutsen zinarin wannan yanki yana tattare da dalma. Masu haƙa sukan kawo shi gida, su niƙa a injin niƙan hatsi, su shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A wasu gidaje an sami dalma fiye da miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa, alhali kuwa iyakar da Amurka ta sa a lokacin 400 ce. A 2013 masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka bayyana dalilin tsananin gubar. Asalin dalmar dutsen tozali ne, wanda ba ya saurin narkewa, amma ruwa da iska sun daɗe suna cinsa har ya rikiɗe ya zama wani irin gishiri. Da suka zuba garinsa cikin ruwan da aka haɗa don ya kwaikwayi ruwan tsamin cikin mutum, sai ya narke nan da nan.

To, sanin yawan dalmar da ke ƙasa bai gaya wa likita yawan wadda za ta shiga jinin yaro ba. Nan ne aikin kwamfuta ya shigo. Tun 1994 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da wani tsarin lissafi mai suna IEUBK. Akan ba shi yawan dalmar da ke ƙasa da ƙura da ruwa da iska da abinci, shi kuwa ya kwaikwayi yadda take ratsa hanji, ta shiga jini, ta kwanta a ƙashi. Amfaninsa shi ne a yi tambaya tun ba a ɗaga shebur ba: idan aka kwashe ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa, nawa gubar za ta ragu a jinin yaro? Masanan TerraGraphics, waɗanda suka jagoranci kwashe ƙasar har zuwa aikin Bagega a 2013, sun yi aiki da shi. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna hatsin da ake sussuka da shanya da daka a gurɓatattun gidaje yana da kaso babba cikin gubar.

Amma fa kayan aro ba ya rufe katara. Da yaran Amurka aka auna wannan lissafi, da abincinsu da irin gidajensu. Masu shi da kansu sun yi kashedin kada a dogara da shi idan dalma ta wuce maikrogiram 30 a desilita na jini, ga shi kuwa yaranmu da yawa sun haura 100. Kwamfuta ba ta san daɓen ƙasa ba, ba ta san hazon hunturu ba, ba ta san yaro kan ci tuwo a zaune a ƙasa ba, sai an gaya mata. Wa ya fi cancanta ya gaya mata? Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada wani ya ɗauka magana ta wuce. A 2015 gubar ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. A Disamban 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗage takunkumin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa kai, su mai da wannan matsala aikin ɗaliban ajin ƙarshe. Wani ya lissafa nisan da ƙurar injin niƙa ke tafiya, wani ya lissafa ragin da niƙa da ruwa zai kawo, wani ya bi sawun dalma zuwa rijiyoyi. Mun san rashin tsaro ya hana shiga ƙauyuka da dama, amma ɗalibai 'yan Anka da Gummi da Bukkuyum suna cikinmu, sun kuwa san gida. Ku kuma yayyenmu da ke ma'aikatun lafiya da muhalli, ku adana alkaluman gwaje-gwaje, ku buɗe wa masu bincike, domin lissafi ba ya fin alkaluman da aka ba shi kyau.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.