Dodon Ƙarshe a Wasan Super Mario Bros.

Ba girman dodo ne ke sa karon ƙarshe na wasan bidiyo ya zauna a zuciya ba, adalcinsa ne. Kamar jarrabawa mai inganci, ba ya tambayar abin da ba a koyar ba.

Misali, wasan Super Mario Bros. da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985 yana da matakai 32. Kafin na ƙarshe, akwai fadoji 7 da ɗan wasa ke karawa da Bowser na jabu a kan gada, ya koyi kauce wa wuta da guduma. Dodon gaskiya haɗa makaman biyu kawai yake yi, gatarin tsinke gadar kuwa yana bayansa kamar kullum.