Kansilan da ya bar hannunsa a kan gwiwa

Kafin zaɓen 2020 na taɓa shiga zaman majalisar wata komin ranar ƙuri'a kan kasafin kuɗi, bije kamar yadda muke cewa. Ƙofa a buɗe take, amma mu uku ne kaɗai ƴan kallo a bayan ɗaki. Da aka zo kan kuɗin man mota da tafiye-tafiye, wani dattijo, tsohon malamin lakwal, ya miƙe ya ce abin da aka ware wa mai ya fi na yashe magudanan ruwa, alhali unguwarsa kowace damina cikin ruwa take kwana. Jam'iyyarsu ɗaya da magajin gari. Aka ce a ɗaga hannu, shi ya bar nasa a kan gwiwa. Bije ya wuce. Kafin mu fita daga meri an fara raɗa cewa ƴan adawa sun saye shi. A zaɓen 13 ga Disamba 2020 babu sunansa a jerin jam'iyyar.

Ga inda gizo ke saƙa. A zaɓen komin ba mutum muke zaɓa ba, jerin sunaye muke jefa wa ƙuri'a, kuma jam'iyya ce ke tsara wa zai hau sama, wa zai koma ƙasa. Kansila ya san wanda ya rubuta sunansa, ya san ba ni ba ne, ba ke ba ce. To ranar bije wa zai ji tsoro, mai tallar da ake karɓar kuɗin tikiti a hannunta kowace ranar kasuwa, ko shugaban jam'iyya da ke kiran waya daga Yamai?

Ban ce ladabin jam'iyya banza ba ne. In kowa ya yi gaban kansa, ko magajin gari ba za a iya zaɓa ba, kuma duk mun ga kansilolin da tawayensu na neman fili ne ko kwangila, masu tara sa hannu don tsige magajin gari da zarar an hana su rabo. Amma su waɗannan a ɓoye suke cinikinsu. Wanda ya tsaya gaban jama'a ya faɗi layin da ya ƙi da dalilinsa, aikin da aka aiko shi ya yi. Ko tsarin mulkin 2010, a lokacin da yake aiki, ya yarda da haka ga depite: babu mai ɗaure masa ƙuri'a, kuma in jam'iyya ta kore shi yana nan kan kujerarsa a matsayin ɗan ba-ruwana. Me ya sa za a ɗaure bakin wanda ya fi kusa da rijiyarmu da bolarmu?

Na san wani zai ce, malam, maganar me kake? An rusa majalisun komin tun Afrilun 2024, an naɗa masu riƙo, jam'iyyun ma an rusa su a Maris 2025. Gaskiya ne. Yau ana tsara bije a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba tare da zaɓaɓɓen da zai ƙi ɗaga hannu ba, haraji kuwa ba a daina karɓa ba. Shi ya sa nake ganin yanzu ne lokacin magana, tun ba a rubuta sabbin dokokin zaɓe ba.

Abin da nake so a sa ciki ba shi da yawa. A rubuta ƙuri'ar bije da sunan kowane kansila, a manna a ƙofar meri, a karanta ta da Hausa a rediyon gari. Kada ƙin amincewa da bije ya zama dalilin raba mutum da kujerarsa. Kafin nan, masu riƙon ƙwarya su manna nasu bijen na bana a bango, mu je mu duba nawa aka ba mai, nawa aka ba magudanan ruwa.