Wai Ɗan Kokowa Ne Ya Ɓarnatar

Da an hango tsohon ɗan kokowa yana ɗingishi a kasuwar Gazawa ko ta Agye, sai ka ji an taɓe baki: "Ai ya samu, shi ya ɓarnatar." Maganar nan ta ishe ni. Me ya samu?

Mu yi lissafi. Gasar kokowa ta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya lashe, kwana goma ce a shekara. Jihohi takwas, kowace da mutum goma, tamanin ke nan, takobi kuwa ɗaya. Kafin yaron ƙauyen Gidan Rumji ya shiga cikin goman Maraɗi, ya yi shekaru yana shan ƙasa a dandali bayan kaka, ladansa ɗan karin da ƴan kallo suka jefa. Wanda Allah ya ci da shi kuma, tun bai kwance layu ba an gama rabon kuɗinsa: ga makaɗi, ga malamin da ya yi addu'a, ga dangi, ga bashin naman da ya ci lokacin horo. In ya hana, ya sha zambo. In ya bayar, mu da muka karɓa mu ne masu kiransa almubazzari.

Na taɓa zama da wani tsohon ɗan kokowa a rumfar mai shayi. Ya naɗe wando ya nuna mini gwiwarsa, ta kumbura kamar ƙoƙo. Ɗansa ke tonon aya a gonarsa, don shi sunkuyo ya gagare shi.

Wasu sukan kawo misalin Ingila, wai can ƴan wasa sun iya tattali, dubi Gary Lineker da ya ajiye ƙwallo ya riƙe shirin Match of the Day na BBC daga 1999 zuwa 2025. To, ba wayo suka fi mu ba. Har 1961 ɗan ƙwallon Ingila ba ya wuce fam 20 a mako, komai cikar filin. Sai da ƙungiyarsu, wadda aka kafa tun 1907, ta yi barazanar yajin aiki ƙarƙashin Jimmy Hill aka cire wannan ƙa'ida. Haɗa kai suka yi suka ƙwata.

Mu nan filin kokowar Maraɗi mun raɗa masa sunan Kantu, madalla, amma suna ba ya biyan kuɗin asibiti. A ware kaso daga tallafin kamfanonin da ke liƙa tutocinsu a filin, a buɗe asusun jinya da ƴan kokowa ke riƙe da kansu. A shirya gasa mai lada a Agye da Gazawa da Gidan Rumji duk rani, maimakon samarin su tafi cin rani Katsina. Gidajen rediyo kuma su ɗauki tsofaffin su yi sharhi, da albashi. Mutumin rumfar shayin nan, daga tsayuwar yaro kawai yake gaya maka wace ƙafa za a kama.