Gasar tsere uku: Lamba ta Maigida, ɗawainiya ta Uwargida

Da an idar da sallar asuba a ranakun Asabar da Lahadi, kafin 'yan A Daidaita Sahu su cika Titin Zariya, akan ci karo da masu sassarfa da masu tuka keke a tsakanin Babban Giji, Gyadi-Gyadi da Gadar Dangi. Yawancinsu lafiya suke nema: wani likita ne ya ce ya rage ƙiba, wani hawan jini ne ya fito da shi. Amma duk wanda ya daɗe a wannan harka, wata rana zai ji yana son gwada kansa a gasa.

Ɗaya daga cikin gasannin da wayar hannu ke nuna wa irin waɗannan mutane ita ce tirayatlon, wato tsere uku a jere ba hutu: a yi ninƙaya, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu. Wasan bai yi suna a Kano ba, don haka mai sha'awarsa sai ya yi tafiya mai nisa. A nan ne magidanci mai ƙananan yara yake tsayawa da tambaya: ya tafi da iyali, ko ya bar su a gida?

Ya kamata ya tafi da su, idan da hali. Sai dai kafin ya sayi tikiti, wajibi ne ya yarda cewa tafiyar ba yawon shan iska ba ce ga matarsa. Aiki ne ya ɗora mata, kuma aikin yana da nauyi.

Wasan da iyali suka haifa

An gudanar da gasar da ake ɗauka a matsayin mafarin tirayatlon na zamani a birnin San Diego na Amurka, ranar 25 ga Satumban 1974, da mutum 46. Cikinsu akwai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy da 'ya'yansu biyu. Ma'auratan nan ne daga baya suka ƙirƙiro gasar Ironman a tsibirin Oahu na Hawayi, wadda aka fara ranar 18 ga Fabrairun 1978: ninƙayar kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42.2. Mutum 15 suka shiga, 12 suka kammala.

A wancan karon kowane ɗan wasa yana da masu rakiya da ke bin sa da ruwa da abinci. John Dunbar ne ke kan gaba a wajen gudu, sai ruwan da masu rakiyarsa suka tanada ya ƙare, suka koma ba shi giya. Gordon Haller ya wuce shi ya lashe gasar cikin kusan awa 12. Tun ranar farko, ke nan, an ga cewa nasarar ɗan wasa tana hannun waɗanda ke tsaye a bakin hanya.

Yadda ranar take ga mai goyo

A ƙaddara wani ma'aikaci ne a Babban Giji, yana da yara biyu, ɗan shekara huɗu da 'yar wata goma. Ya shafe watanni yana atisaye: ninƙaya a otal da kuɗinsa, keke da duku-duku kafin rana ta yi zafi, gudu da yamma. Duk sa'ar da ya fita, matarsa ce ta riƙe gida. Sai ya ga gasar rabin zangon Ironman, irin wadda aka fara yi a garin Rubavu na Ruwanda, a bakin Tafkin Kivu, a watan Agustan 2022. Ya dawo gida da murna: "Maman yara, ki shirya, za mu je ku sha iska."

Ga irin iskar da za ta sha. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai an sauya jirgi kafin a kai Kigali, daga can kuma akwai tafiyar mota ta kimanin awa uku cikin tsaunuka. Hannun maigida yana kan akwatin keke, wanda ya fi komai tsada a cikin kayan. Goyo, jakar famfas, filas ɗin ruwan zafi da hannun yaron da ke son ya ruga, duk nata ne.

Ana gobe gasa, shi zai je karɓar lamba, ya kai keke inda ake ajiyewa, ya halarci taron bayanin dokoki, sannan ya kwanta da wuri. Idan jaririya ta tashi kuka cikin dare saboda baƙon wuri, ba shi zai tashi ba.

Ranar gasa zai fita tun kafin gari ya waye. Zai yi ninƙayar kilomita 1.9, keke kilomita 90, gudu kilomita 21.1. Wanda ba ƙwararre ba yakan ɗauki awa shida zuwa takwas. Duk tsawon lokacin tana bakin hanya da yara biyu, an rufe tituna, ba ta jin yaren mutanen wurin, ga ruwa a kusa da yaro mai ƙiriniya. Abin da za su gani na babansu bai wuce 'yan daƙiƙu ba, ya wuce fuu a kan keke.

Dokar wasan ma ba ta bar musu komai ba. An haramta wa ɗan wasa karɓar taimako daga wanda ba jami'in gasa ba, ko da kuwa gorar ruwa ce daga hannun matarsa. A gasannin Ironman, ɗaukar yaro a shiga da shi layin ƙarshe kan jawo a soke sakamakon mutum baki ɗaya.

Idan ya gama kuma, ba lallai ne ya iya ɗaukar yaro ba. A watan Satumban 2016, a Cozumel ta ƙasar Meziko, duniya ta ga yadda zafi ya galabaitar da Jonny Brownlee na Birtaniya ana saura ƙiris ya kammala, har sai da yayansa Alistair ya tallabe shi zuwa layin ƙarshe. Idan haka ta faru da wanda ya ci lambobi a gasar Olamfik, ma'aikacin da ke atisaye bayan tashi daga ofis ba shi da tabbacin cewa ba a tantin likitoci zai ƙare ba.

Da yamma za a ɗora hotonsa a Facebook da lamba a wuya, abokai su yi ta sambarka. Wadda ta yi awa goma a tsaye, ita ce ta ɗauki hoton.

To me zai hana a bar su a gida?

Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi. A Kano ba a rasa inda za a bar yara: ga Hajiya, ga gwaggo, ga ƙannen uwa. Ga kuma batun kuɗi. Rajistar manyan gasanni ɗaruruwan daloli ce, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi bisa dokar 2024 yake Naira 70,000. Kowane yaro sai da fasfonsa, wanda ya kai shekara biyu sai an biya masa kujera a jirgi, ga kuɗin ɗaukar keke, ga masauki. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji masu iya magana: ko a yi gasa, ko a yi reno.

Akwai lokutan da wannan ita ce gaskiya. Idan jariri bai kai wata tara ba, lokacin da ake yi masa rigakafin ƙyanda da na shawara, ko ana tsakiyar zangon karatu, ko sai an taɓa kuɗin makaranta ko na haya kafin a yi tafiyar, to zaman gida ya fi. Babu lambar yabon da ta kai a ci bashi dominta.

Amma idan barin su ya zama al'ada, akwai asarar da ba a gani nan take. Wasan zai koma wani abu da ke ɗauke Baba daga gida, yana cin kuɗi da lokaci, ba wanda ya san amfaninsa sai shi. Matar da ba ta taɓa ganin abin da ake wahalar dominsa ba, da wuya ta ci gaba da haƙuri da fitar asuba. Yaron da ya ga mahaifinsa ya fito daga ruwa yana haki, ya ƙi tsayawa har ya kai ƙarshe, ya koyi abin da nasiha ba za ta koya masa ba. Gani ya kori ji. A garin da kududdufai ke cin rayukan yara duk damina, yaron da ya dawo gida yana roƙon a koya masa ninƙaya a hannun ƙwararru ya samu riba babba.

Abin da ƙwararru suka gane

Manyan 'yan wasan duniya ba sa ɓoye cewa aikin na gida ne gaba ɗaya. Gwen Jorgensen ta Amurka ta ci zinare a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Mijinta, Patrick Lemieux, ɗan tseren keke ne da ya ajiye nasa wasan ya koma yi mata girki, kula da kekenta da tsara tafiye-tafiyenta.

Chelsea Sodaro ta lashe gasar Ironman ta duniya a Kona a watan Oktoban 2022, 'yarta tana da wata 18 a duniya. Kafin nan, a 2020, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, PTO, ta fito da tsarin biyan mata hutun haihuwa na tsawon wata 15, kuma Sodaro tana cikin waɗanda suka fara cin gajiyarsa. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 ne aka fara buɗe ɗakin renon yara a ƙauyen 'yan wasa, bayan fafutukar 'yar tseren Amurka Allyson Felix.

Babu ɗaya daga cikin matan nan da ta yi goyo da gudu a lokaci guda. An samu wanda ya ɗauki nauyin, an kuma kira nauyin da sunansa. Idan a gidan Bakano uwargida ce mai sha'awar gudu, ko da na kilomita 10 ne a gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Legas da ake yi tun 2016, to maigida ne ya kamata ya riƙe jakar famfas a bakin hanya. Adalcin ba ya sauyawa don an sauya mai gudun.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Shiri na farko shawara ce, kuma kafin a biya kuɗin rajista ake yin ta, domin da wuya a dawo wa mutum da kuɗinsa duka idan ya fasa. Sanar da mace bayan an biya ba shawara ba ce.

Na biyu, a tafi da babban mutum na uku. Ƙanwar uwargida ko kakar yara, idan tana da ƙarfin tafiya, ta fi sabuwar tayar keke amfani. Wannan gata ne da zumuncin Hausawa ya bayar, wanda Turawa da yawa sai sun biya kuɗi suke samu. Idan aljihu ba zai ɗauki mutum na uku ba, alama ce cewa a nemi gasa mafi kusa.

Na uku, masauki ya kasance inda za a iya takawa da ƙafa daga wurin gasa, domin uwa ta koma da yara su yi barcin rana idan an rufe hanya. Wanda ke da wurin dama kunu da dafa taliya ya fi otal mai ƙyalli. A rubuta lambar waya a ɗaura wa yaro a hannu, a kuma tsayar da wurin haɗuwa tun daren jiya, domin ɗan wasa ba ya riƙe waya a cikin gasa.

Na huɗu, a rage buri muddin yara suna ƙanana. Akwai gajeren zango na mita 750 a ruwa, kilomita 20 a keke da kilomita 5 a ƙasa, wanda ake gamawa cikin ƙasa da awa biyu. Akwai zangon Olamfik na kilomita 1.5, 40 da 10. Dogon zango ba zai gudu ba, amma ƙuruciyar yaro ba ta jira.

Na biyar, washegarin gasa na iyali ne. Komai tsamin jiki, maigida ya karɓi yara, uwargida ta huta ko ta shiga kasuwa. Idan an dawo gida kuma, a biya bashin lokaci: ita ma tana da karatu, sana'a ko ziyarar da ta jingine.

Idan gasar ta zo gida

Arewa ba baƙuwar wasan ruwa ba ce. A bikin kamun kifi na Argungu ana gasar ninƙaya, nutso da tseren kwale-kwale a kogin Matan Fada. Kano tana da madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa, tana da filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, tana da dubban matasa da keke ne abin hawansu na kullum. Duk ranar da hukumar wasanni ko wani kamfani ya yi tunanin shirya tsere uku a nan, bayan an tabbatar da lafiyar ruwan da masu ceto, sai a tuna da waɗanda za su tsaya a bakin hanya: rumfa mai inuwa, banɗaki mai tsafta, keɓantaccen wurin shayarwa, wurin sallah, da ɗan gajeren tsere na yara. A kuma buɗe tsarin karɓa-karɓa, inda mutum uku ke raba zangon, wa ya yi ninƙaya, ƙane ya tuka keke, wani ɗan'uwa ya yi gudu.

Kafin zuwan wannan rana, magidancin Babban Giji da ke lissafin kilomitocin da ya tuka a makon nan, ya ƙara wani lissafi a gefe: awa nawa Maman yara ta riƙe gida ita kaɗai domin ya samu ya fita? Idan ya iya faɗin adadin, ya kuma san yadda zai biya, to ya saya musu tikiti.